3.2 Ma'aunin Taswira da Matsayin Ƙofar Na'isa

Abin da ake nufi da ma'aunin taswira shi ne dangantakar da ke tsakanin tazarar da aka zana a takarda da ainihin tazarar a doron ƙasa. Idan aka ce taswira tana da ma'aunin 1:50,000, ana nufin kowace santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita 500 ke nan.

A nan ne matsalar wannan nazari take. A misali, a ce faɗin wata ƙofa mita 5 ne. A irin wannan taswira ba za ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato ko kaurin layin fensir ba ta kai ba. Saboda haka mai zane ba ya zana ƙofar kanta, sai dai ya sa alama a madadinta, alamar kuwa takan ninka ƙofar girma sau da yawa. Sai an dawo ma'auni kamar 1:1,000 sannan wannan faɗi zai zama milimita 5, har a iya rarrabe ƙofa da badala da bakin titi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a shekarar 2010 an rushe tsohon ginin Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Duk mai son tantance inda harsashinta yake, taswirar 1:50,000 ba za ta amfane shi da komai ba. Haka nan zanen birnin Kano da Clapperton ya yi bayan zuwansa a 1824, da na Barth wanda ya zo a 1851. A ganin mai wannan nazari, shaida ce ta tarihi, amma ba a kafa turken safiyo da ita.

Batun shimfiɗa duniya, wadda take mulmulalliya, a kan takarda bai kai wannan tsanani ba a Kano. Tsarin Mercator na 1569 yana kumbura ƙasashen da ke nesa da layin Ikwaita, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Kano kuwa tana wajen digiri 12 ne arewa da layin, don haka ƙarin da tsarin yake yi wa tazara a nan bai wuce kashi 2 da ɗoriya cikin 100 ba.