Allura Huɗu Kacal

Kwana talatin da uku na yi ina jinyar Innarmu a asibiti lokacin da ɓarin jikinta ya shanye. A sati na biyu na ɗaga zanenta zan goge mata jiki, sai na ga wani ja a ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, faɗinsa bai wuce murfin kofi ba. Na ɗauka zafi ne ya fito mata. Wata yarinya mai fararen kaya da ke wucewa da tire ta leƙo, ta ajiye tiren ta ce, "Anti, gyambon kwanciya ne zai fara. Yaushe rabon da a juya ta?" Ni ban ma san ana juya mutum ba. Ta ninka zanen gado ta zura ƙarƙashin Inna, ta ce in kama gefe guda, muka mirgina ta a hankali, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Ta ce haka za a riƙa yi duk bayan awa biyu, dare da rana. Na ce, "Allah ya yi miki albarka, nas." Ta yi dariya ta ce ita ba nas ba ce, ɗaliba ce aka turo sanin makamar aiki.

Inna ta ƙara shekara guda a duniya, kuma har aka yi mata wanka babu miki ko ɗaya a bayanta. Tun daga nan tambaya ta zauna mini: wa yake koyar da irin wannan aiki, kuma wace takarda ake ba wadda ta iya? Ita ce ta kai ni wata kwalejin koyon aikin lafiya a gefen wani gari na Arewa, ana tsakiyar hunturu.

Shugaban makarantar ya tarbe ni da shayi, ya haɗa ni da wani dattijon malami da ya kusa ritaya, shi kuma bai tsaya dogon bayani ba ya wuce da ni ɗakin gwaji. Gadaje uku ne na ƙarfe, kowanne da mutum-mutumin roba a kwance. Ɗaya gashinta ya zube, ɗalibai suna ce mata Kaka. Na tarar ana darasin gyaran gado da marar lafiya a kai. Wata siririyar yarinya ta taho da sauri ta kama zanen, malamin ya ɗaga hannu.

"Kin yi mata sallama?"

Ajin ya fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Ta koma bakin ƙofa ta sake shigowa, ta yi wa Kaka sallama, ta tambaye ta kwanan jiki, ta gaya mata abin da za ta yi mata, ta ja labule, ta wanke hannu, sannan ta taɓa zanen. Malamin ya ce mini a jarrabawar gwaji kowanne daga cikin waɗannan yana da makinsa. Wadda ta saba cafkar roba ba sallama, haka za ta cafki uwar wani.

Da muka fito ya zayyana mini matakan. Akwai kwas na shekara biyu na ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, akwai na shekara uku mai difloma, wanda kowa ya sani da CHEW. A ƙarshe, ban da jarrabawar makaranta, akwai ta ƙasa, wadda Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma ta Najeriya ke shiryawa. An kafa hukumar a 1992, kuma ita ke ba da lasisi. Nas da ungozoma hanyarsu daban, majalisarsu daban. Ya nanata mini wannan har sau biyu, da alama ya gaji da gyara wa mutane.

"Amma je ki ƙauye ki gani," in ji shi. "Yarinyar da muka yaye, can likita ake ce mata. Ita ce mai awo, ita ce mai rigakafi, ita ce mai karɓar haihuwa da tsakar dare da fitilar waya."

Shi ya shiga aikin ne zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, tsakanin 1985 da 1992, lokacin da ake ta yayata ruwan gishiri da sukari, ana hawa keke ana bin ƙauyuka da akwatin rigakafi. Ya ce a da iyakar aikin nasu a fili take. Daga 2014 gwamnati ta fito da tsarin sauke wa irinsu wasu ayyukan da a baya sai nas ko ungozoma, saboda ƙarancin ma'aikata a karkara. Ya ɗauko wani littafi mai kauri da bangonsa ya sha hannu, wanda suke kira Sitandin Oda: kowace cuta da alamominta, da abin da za a ba da, da inda za a tsaya a tura marar lafiya gaba. Ya ce shi a wurinsa rabin karatun nan koyon tsayawa ne.

A Amurka, abin da yarinyar nan ta yi wa Inna sana'a ce mai zaman kanta, ta mataimakin nas. Wata doka ta 1987 ta ce duk mai son yin ta a gidajen kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin gwamnati sai ya yi horon aƙalla awa 75, ya ci jarrabawa, an sa sunansa a rajistar jiha. Mu nan wannan aiki, na wanka da fo da juyi da ba da abinci a baki, yana wuyan 'yar'uwar da ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, wadda ba wanda ya taɓa koya mata komai. Na yi zaman tabarmar nan, shi ya sa nake faɗa.

Bayan azahar aka shiga darasin awon jini. A nan idona ya sauka kan wata mata da ta girmi sauran nesa ba kusa ba. Yara suna ta fama da robar kunne, wannan ta sa a baibai, waccan ta matse hannun ƙawarta har ta yi ƙara, ita kuwa ta naɗa, ta hura, ta saki iska, ta faɗi lamba, duk kafin ta kusa da ita ta gama warware igiya. Mama suke ce mata. Da aka tashi na same ta a gindin darbejiya tana cin gyaɗa, ta matsa mini a kan benci.

"Malama, ai ni tsohuwar hannu ce," ta ce. "Shekarata goma sha ɗaya ina aikin asibiti kafin in zo nan."

Ta gama sakandare ba ta da kiredit a Kemistiri da Fizis, aka yi mata aure. Tana da 'ya'ya uku mijin ya rasu. Wata maƙwabciya ta kai ta wani asibitin kuɗi inda ake ɗaukar masu koyo, abin da ake kira ogzileri. Ta sayar da gadonta na aure ta biya. Shekarar farko shara ce da wankin zannuwan haihuwa. A ta biyu aka fara barinta ta riƙe tire, ta kalli yadda ake neman jijiya. Kafin ta uku ta ƙare tana sa kanula a hannun jariri cikin dare, da tocila a baki. Ranar yaye su aka yi walima, aka soya kaji, aka ba ta takarda mai zanen ruwan gwal a gefe da hatimi ja. Ta sa a firem ta rataye a ɗaki.

"Duk unguwarmu Nas ake ce mini. Ko yaro ya faɗi a kan keke, gidana ake kawo shi."

Sai ga sanarwa ana ɗaukar ma'aikatan lafiya a ƙaramar hukumarsu. Ta cire takardar daga firem, ta bi layi tun safe. Mutumin da ke karɓar takardu ya duba gaba, ya juya baya, ya tambaye ta lambar lasisi. Ta ce ga hatimi nan. Ya yi mata bayani, kuma ta ce wallahi cikin mutunci ya yi, cewa babu wata hukumar ba da lasisi da ta san da wannan takarda. Majalisar nas-nas da ungozomomi ba ta da wani mataki mai suna ogzileri. Bayanta a layi wata yarinya ce da ta taɓa koya wa ɗaura kanula lokacin da aka turo ta asibitinsu gwaji. Ita aka ɗauka.

"Ban iya hawa mota ba ranar. Da ƙafa na koma gida, ina tafe ina magana ni kaɗai."

Na ɗauka daga nan za ta shiga zagin mai asibitin. Ba ta yi ba. Ta ce ya ci guminta, gaskiya ne, amma da albashinsa ta ciyar da marayu, kuma bai taɓa ce mata takardar gwamnati ce ba, ita ce ba ta tambaya ba. Ta yi shekara biyu tana jinyar abin a ranta. Daga baya ta yi rajistar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi ƙarshen shekara, babbar 'yarta tana koya mata Kemistiri da daddare a kan tabarma. Zaman farko ta faɗi. Na biyu ta samu. Da kuɗin adashi ta biya na makaranta, kuma har yanzu tana kwanan aiki sau uku a sati a wani asibitin, ta wuce aji daga can ba ta runtsa ba. Ko bayan ta shigo ma hankalinta bai kwanta ba, don kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata, kuma sai wanda hukuma ta ba lambar rajista ne zai zauna jarrabawar ƙasa. Ranar da aka liƙa sunaye ta kasa zuwa gaban allon, sai wata yarinya ta aika ta dubo mata.

Ni kuwa ina zaune raina yana tafasa. Na ce mata, "Yanzu fisabilillahi me za su koya miki a nan? Ai takarda kawai kika zo karɓa."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa kafin ta amsa.

"Haka na zo da shi a raina. Har ranar da aka yi mana darasin jijiyoyi."

Malamin ya zana ɗuwawu a allo, ya raba shi gida huɗu, ya nuna wata babbar jijiya da ta sauko daga ƙugu ta bi ta nan har ƙafa. Ya ce allura a gidan sama na waje kaɗai ake yin ta, ƙaramin yaro kuma cinya ta fi masa aminci, don idan allura ta taɓa jijiyar nan ƙafa tana iya shanyewa. Ita an nuna mata wurin tun da daɗewa, amma da yatsa aka nuna mata, ba wanda ya gaya mata abin da ke kwance a ƙarƙashi. Idan yaro yana fizge-fizge, uwa ta danne shi, inda hannu ya samu nan ake sokawa.

"Ina zaune a ajin sai wani yaro ya faɗo mini a rai. Shekara bakwai ke nan. Zazzaɓi aka kawo shi da shi, aka rubuta allurai na kwana uku, mu uku muka yi masa, kowa da ranarta. Bayan wata guda na gan shi a kasuwa yana jan ƙafa. Uwarsa ta ce iska ce ta taɓa shi. Ni ma na ce Allah ya sawwaƙe." Ta kakkaɓe zanenta. "Malama, ranar ban ci abinci ba. Ko ni ce, ko ba ni ba ce, sai dai a lahira in ji."

Ban sami abin cewa ba. Iskar hunturu tana ta zubo mana busassun ganye.

Ita ce ta ci gaba. Ta ce da can duk wanda ya zo da zazzaɓi allura yake nema, idan aka ba shi ƙwaya sai ya ga kamar an raina ciwonsa, su kuma su yi masa don kada ya koma wani wurin. Yanzu sai ta ɗiga jini a 'yar robar gwaji ta jira minti goma sha biyar. Da can idan ta ga yaro ya rame sai ta ce a ba shi maganin ƙarin jini. Yanzu tana zagaya masa tef a damtse, idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ta san tamowa ce mai tsanani, ba ta ɓata lokaci. A asibitin da take kwana har an fara yi mata tsiya, wai boko ya sa ta tsoro.

Wasu 'yan mata biyu suka zo suka tsuguna gefenta. "Mama, gobe za ki nuna mana neman jijiya?" Ta ce to, amma su zo da littafinsu na ilimin sassan jiki, don sunayen ƙasusuwan nan sun ƙi zama mata. Haka suke yi, in ji ta, ban gishiri in ba ka manda.

Kafin in tashi ta buɗe jaka za ta ɗauko mayafi, na hango fararen kayan aikin dare a ninke, da wani littafi mai shuɗin bango. Ta miƙo mini. Littafin sa hannu ne na gwaji: kowane aiki da layinsa, da kwanan wata, da gurbin da mai duba ɗalibi zai sa hannu cewa a gabansa aka yi. Wanda ba a sa wa hannu ba, ba a yi shi ba. Na buɗe shafin allura. Layuka huɗu ne a cike, sauran fari fat.

"Kin gani ko," ta ce, tana dariya har da riƙe haɓa. "Ni da na yi wa rabin unguwa. A nan allura huɗu kacal na taɓa yi a duniya."

Ta karɓi littafin ta mayar ƙarƙashin fararen kayan, ta duba agogon wayarta. Ƙarfe takwas take karɓar aiki, kuma sai ta biya gida ta ɗora wa yara tuwo.