Su Cikin Ɗari: Abin da Sanyi ke Yi wa Kifi a Ƙasar Ƙonni

In watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, masunta na bakin Majiya suna da kuka guda ɗaya: kifi ya daina cin ƙugiya. Mutum zai kafa ƙugiyoyinsa da magariba, kowace da tana mai rai, da safe ya zo ya tarar da tanar tana nan yadda ya bar ta. Wasu sai su ce kifi ya ƙare. Wasu su ce baki ne ya kama ruwan. Kifi bai ƙare ba. Yana nan cikin ruwa, sanyi ne ya kwantar da shi.

Ruwan da ake su a cikinsa

Jihar Tawa ba ta da gulbi mai gudu shekara duka. Majiya da damana kaɗai take kawo ruwa. Tana gangarowa daga duwatsun Adar, ta ratsa ƙasar Malbaza da ta Ƙonni, ta tsallake iyaka, ta zuba cikin tabkin Kalmalo a Najeriya. Da an ɗauke ruwan sama, sai ta tsaya. Saboda haka duk kifin da ake kamawa a nan da rani, kifin tabki ne ko kifin baraji.

Manyan barajojin Majiya biyu ne, Mozage da Zango. An gina su don gandarin noman rani na Ƙonni, wanda aka yi kashi biyu, a 1979 da 1982. Faɗin gandarin ya fi hekta 2,400. Ruwa yana sauka daga Mozage zuwa Zango, daga nan ya bi kanal har wurin ajiya na Cerasa, sannan a raba shi cikin gonaki. Ba don kifi aka gina su ba, amma kifi ya samu gida.

Yamma da Illela kuma akwai tabkin Ɗan Dutsi. A da ƙaramin tabki ne mai ƙafewa. Ruwan sama mai yawa na 1974, bayan babban fari, shi ya cika shi har ya zama mai zama. Daga baya aka zuba masa irin kifi: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, ƙurungu da giwan ruwa. A 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Tsuntsayen da ake gani a bakinsa da ɗari, wasunsu daga ƙasashen Turai suke zuwa, gudun sanyin da ya fi na nan nesa ba kusa ba.

Jikin kifi ba kamar na mutum ba ne

Jikin mutum yana riƙe ɗuminsa. Ko da ɗari ko da bazara, in an auna mai lafiya za a samu digiri 37. Haka akuya, haka kaza, kowace da ɗuminta. Kifi ba haka yake ba. Ɗumin jikinsa ɗumin ruwan da yake ciki ne. In ruwa ya yi ɗumi, jininsa ya yi ɗumi, ya yi kazar-kazar, ya ji yunwa. In ruwa ya yi sanyi, komai nasa ya yi sanyi. Abincin da ya ci yana daɗewa a ciki bai narke ba. To, wanda cikinsa bai sauka ba, me zai kai shi ga ƙugiya?

Masu binciken kifi sun auna wannan a kan karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Ta fi ci da girma in ruwa yana tsakanin digiri 27 da 30. In ya sauka ƙasa da 20, cinta ya ragu ƙwarai, kuma ta daina haihuwa. Wajen digiri 16 kusan ba ta cin komai. In ya kai 11 ko 12 ya daɗe a haka, mutuwa take yi. A ƙasar Ƙonni, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 15, wata rana ma ƙasa da haka. Ruwan tabki marar zurfi yana bin sanyin dare da sauri, balle ga iska tana kaɗa shi. Ke nan karfasa tana kwana ne a bakin iyakar abin da jikinta ke iya ɗauka.

Tarwaɗa ta fi ta juriya, amma ita ma ɗumi take so. Da ɗari takan lafe a ƙasa cikin laka, ko ƙarƙashin saiwar itace, ba ta yawo sosai. Gaiwa kuwa nata daban ne. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe kanta, ta yi ta barci har ruwan sama ya dawo.

Sanyi yana da alherinsa guda. Kifi yana numfashi da iskar da ke narke cikin ruwa, kuma ruwa mai sanyi ya fi ruwa mai ɗumi riƙe wannan iska. Shi ya sa ba a cika ganin kifi ya taso sama yana haki da ɗari ba. Da bazara ake ganin haka, sa'ad da ruwa ya ragu, ya yi zafi, ya yi kauri.

Ina kifi yake, kuma yaushe?

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Da dare bakin tabki shi ke fara hucewa, don ba shi da zurfi. Kifi sai ya koma tsakiya, cikin gurbi, ko tsohuwar hanyar Majiya da baraji ya rufe. Da asuba yana can. Masuncin da ya fito da duku-duku yana rawar ɗari, ya jefa birgi a bakin ruwa, wahala kawai ya saya.

In rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa azahar, ruwan gefe yana fara ɗumi. Karfasa sai ta matso tana shan rana, musamman inda gaɓa ko itatuwa suka tare iskar gabas. Daga azahar zuwa la'asar shi ne lokacin birgi da fatsa. Ranar da hazo ya rufe rana gaba ɗaya, ruwa ba ya ɗumi, kuma kamu ba ya kyau. Tsofaffin masunta sun san wannan tun kafin a zo da ma'aunin zafi.

Kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana, tana kama kifin da ke yawo ne. In kifi ba ya yawo, kalli ba ya cika. Mai ƙugiya kuma sai ya rage girman abin da yake sawa, ya saukar da ita kusa da ƙasa, ya yi haƙuri.

Ruwa yana ja baya

Ga inda maganar take da nauyi. Lokacin da sanyi ke kwantar da kifi, lokacin ne kuma ruwa ke raguwa ta hanya biyu. Ta farko, rana da iska suna sha. A wannan yanki, abin da ke tashi sama daga buɗaɗɗen ruwa ya fi mita 2 a shekara, kuma busasshiyar iskar hunturu tana da babban rabo a ciki. Ta biyu, da ɗari ne ake buɗe baraji don ban ruwan alkama, albasa, tumatir da sauran kayan rani. Bayan wannan, laka da yashin da Majiya ke kwasowa kowace damana sun cike wani babban kaso na Mozage da Zango. Ruwan da suke ɗauka yanzu bai kai na farkon gininsu ba.

Saboda haka daga Janairu zuwa gaba, kifi yana taruwa wuri ƙanƙane, ga shi kuma ba ƙarfin gudu. Mai ƙugiya yana kukan babu, amma mai taru yana iya kwashe gurbi guda cikin yini ɗaya, manya da ƙanana. In idon ragar ƙarami ne, ko an ɗinka gidan sauro an mai da shi koma, ba abin da ke tsira. Ana ganin irin wannan kamu a kasuwa: tulin ƴan kifi kamar yatsa, ana sayarwa a kwano da arha.

Waɗannan ƴan kifi haihuwar damanar da ta wuce ne. Watanninsu huɗu ko biyar. Sanyi ne ya tsayar da girmansu, ba iyakarsu ke nan ba. Da za a bar su, ɗumin Maris da Afrilu zai buɗe musu ciki, su yi ta girma. Kwano guda na Janairu zai iya zama kwando in an jira.

Kuma ba nama kaɗai ake asara ba, har da iri. Da ruwa ya yi ɗumi, namijin karfasa yana haƙa ɗan rami a ƙasa inda ba zurfi. Macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su cikin bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa, kuma ko bayan sun fita, in sun ji tsoro bakin uwar suke komawa. Duk wannan lokaci ba ta cin abinci. Tarwaɗa ita sai ruwan farko na damana ya malala cikin ciyawa take zuba nata ƙwai. Duka biyun, iyayen da za su haihu su ne waɗanda suka tsallake ɗari da rai. Gulbi mai gudu kamar Kwara, in an kwashe nan, wani kifi zai zo daga sama. Tabki da baraji ba su da wannan gata. In an share su, sai an sake nemo iri daga wani wuri, da mota, da kuɗi, da jiran watanni.

Abin da doka ta ce

A ranar 7 ga Disamba 1998 Nijar ta yi dokar su. Dokar ta hana kamun kifi da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an ja shi. Wannan awo ba ya bukatar karatu: a sa yatsa uku cikin idon raga, in ba su shiga ba, ragar ta yi ƙanƙanta. A 2021 an yi sabuwar doka da ta haɗa su da kiwon kifi. Ma'aikatan ruwa da daji na Ƙonni, Malbaza da Illela su ne ke bayyana abin da ta ƙunsa, su ne kuma ke ba da takardar izinin su.

Tun kafin dokar gwamnati akwai ta gargajiya. Sarkin ruwa shi ke rufe tabki, shi ke buɗewa, kuma ba mai sa ƙafa sai ranar da ya faɗa. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, wurin da ake kamun rufe yake sauran shekara, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Inda masunta suka haɗa ƙungiya suka yarda a bar gurbi ɗaya mai zurfi ba a taɓa shi har damana, sun yi dabara. Amma yarjejeniyar ba ta tsayawa sai baƙin masunta da ke zuwa cin rani su ma an zaunar da su an gaya musu.

Maganar guba tana bukatar ƙari. A da magimfa ake dakawa a zuba. Yanzu wasu maganin ƙwarin gona suke zubawa, wanda ya fi muni. Akwai kuma wanda ba da niyya yake yi ba: manomin albasa da ya gama feshi ya wanke famfonsa cikin kanal ko bakin tabki. Da ɗari ruwa kaɗan ne, ba ya gudu, maganin yana zama. Ruwan nan shi dabbobi ke sha, kifin nan kuma yara ke ci.

Kada kuma kowa ya ɗauko kifi daga wani ruwa ya zuba cikin tabkin garinsu ba da shawara ba. Giwan ruwa kifi take ci. A tabkin Biktoriya, can gabashin Afirka, an zuba ta a shekarun 1950, ta cinye ire-iren ƙananan kifi masu yawa har suka ɓace.

Ɗari lokacin banda ne

Babban kifin da aka kama da ɗari ya fi na kowane lokaci daɗin ajiya. Iska a bushe take, ƙuda ba su da yawa, kifi ba ya saurin ruɓewa a hanyar kasuwa. A fasa shi da wuri, a fid da kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda za a shanya a sa masa gishiri, a ɗora shi bisa rumfa ko raga, ba a ƙasa ba, don ƙurar hunturu. Wanda za a yi banda, wuta kaɗan-kaɗan ta fi wuta mai ci. Mai ci tana ƙone baya, ta bar ciki ɗanye, bayan ƴan kwanaki ya yi tsutsa.

Itace ya yi wuya a Adar, kowa ya sani. A ƙasar Gana, a wani gari mai suna Corkor kusa da Akara, an fito da wani murhun banda a 1969. Da laka ake gina shi, a jera faifan raga bisa juna har hawa da yawa, hayaƙi guda ya ratsa su duka. Yana cin itace kaɗan ƙwarai in an gwada da buɗaɗɗen murhu, kuma maginin gari yana iya yin sa.

Bandar da ta bushe sosai tana kaiwa bazara, sa'ad da kifi ke tsada. In ƙwaro ya shiga, a fito da ita a sake nuna mata wuta ko rana. Kada a fesa mata maganin ƙwari.

Shi kansa masunci sanyin ruwa ba ya ƙyale shi. Ya ajiye busasshiyar riga a gaɓa, ya canza da ya fito. Tari da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari ba abin jira ba ne, likita ake zuwa. Ruwan baraji da na kanal kuma suna ɗauke da tsargiya ko da ɗari. Yaron da ke taya su, in an ga jini cikin fitsarinsa, a kai shi a auna. Maganin ƙwayoyi ne, ana sha a yini guda.