Hiraba, Fansa da Sulhu: Duban Fiƙihun Malikiyya ga Tsaron Rai da Dukiya a Mairuwa da Maƙwabtanta

Mairuwa gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan hanyar da ta taso daga Funtua ta nufi Gusau. Yankin da yake ciki, wanda ya haɗa Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, kuma ya yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suke fakewa. A watan Yunin 2020 aka kashe gommai na mutane a Kadisau ta Faskari. Ranar 11 ga Disamban wannan shekara aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. A Yunin 2024 kuma aka yi wa 'Yargoje irin ɓarnar da aka yi wa Kadisau. Waɗannan su ne suka yi amo. Abin da ya fi yawa shi ne wanda jarida ba ta ɗauka: shanun huɗa da aka kora, da gonar da aka hana nomawa, da magidancin da aka ɗauke a kan hanyar kasuwa.

Malaman usulu, tun daga Imam al-Gazali a cikin al-Mustasfa har zuwa Imam as-Shaɗibi a cikin al-Muwafaƙat, sun tabbatar da cewa shari'a ta zo ne don kiyaye larurori biyar: addini, rai, hankali, nasaba da dukiya. Wannan sananne ne ga kowane ɗalibi. Buƙatar limamin ƙauye ta wuce nan, domin tambayoyin da ake kawo masa na rassa ne: a biya harajin da aka ɗora wa gari ko a ƙi, wa fansa ta hau kansa, kuma me sulhu yake kayarwa na haƙƙoƙi.

Wane suna shari'a ta ba wannan aiki?

Asalin babin shi ne aya ta 33 da ta 34 na Suratul Ma'ida. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya siffanta muharibi da wanda ya tare hanya don hana bin ta, ko ya ƙwace dukiya a yanayin da agaji yake wuyar samuwa. Imam Malik bai bambanta tsakanin daji da cikin gari ba, saɓanin abin da aka sani daga Imam Abu Hanifa, wanda ya keɓe hukuncin ga abin da ya auku a wajen birane. Illar Abu Hanifa ita ce, a cikin gari ana samun mai kawo ɗauki. Duk wanda ya san yadda ake shiga ƙauyukan Faskari da dare a kan babura, a yi sa'o'i ana ɓarna kafin wani ya iso, zai ga cewa wannan illa ba ta tabbata a can, don haka saɓanin ba shi da wani tasiri a wannan mas'ala.

Ƙaidin nan na wuyar agaji ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. Manufar ita ce a yanke wa ɓarayi hanyar abinci da sadarwa, kuma wannan maslaha ce da shugaba yake da ikon yin ijtihadi a kanta. Sai dai ta zo da mafsada: ƙauyen da ba shi da waya ya koma tamkar tsibiri, ba ya iya kiran jami'an tsaro, ba ya iya gargaɗin maƙwabcinsa. Matakin da ke ƙara wa talaka wuyar agaji yana buƙatar a haɗa shi da girke dakaru a kusa, in ba haka ba ya ƙarfafa siffar da hiraba take tsayuwa a kanta.

Malikiyya sun tsananta a wurare uku da suka shafi wannan yanki. Kisan da aka yi a cikin hiraba, waliyyin mamaci ba shi da ikon yafe shi matuƙar an kama mai laifin kafin ya tuba, domin haƙƙin Allah ne. Wanda ya taimaka, ko da da gadi ne ko leƙen asiri, yana shiga hukuncin wanda ya aikata da hannunsa. Wannan ya haɗa da wanda mutanen ƙauye suke kira infoma, da sharaɗin laifin ya tabbata a gaban alƙali, domin sau da yawa ƙiyayyar gado ko rigimar gona ce take sa a laƙaba wa mutum wannan suna. Na uku, Alƙali Ibnul Arabi ya ba da labari a cikin Ahkamul Ƙur'an cewa an kawo masa shari'ar wata mata da aka sace a hanya, wasu masu fatawa suka ce hiraba a dukiya kaɗai take, shi kuwa ya nuna musu cewa keta mutunci ya fi ƙwace dukiya muni. Sace mata yana cikin wannan babi kai tsaye.

Harajin noma da kuɗin fansa

An ruwaito daga Imam Malik cewa idan 'yan fashi suka nemi abu kaɗan, kamar abinci ko tufa, a ba su a kauce wa faɗa. Sahnun ya saɓa, yana ganin kada a ba su komai, don kada su saba. Kowanne daga cikinsu ya dubi gefe ɗaya na gaskiya: Malik ya dubi ran da ke gaban bindiga a wannan lokaci, Sahnun ya dubi abin da bayarwar za ta haifar gobe. Harajin da ake ɗora wa gari kafin shuka ko kafin girbi ya fita daga siffar abu kaɗan na lokaci guda, domin kuɗi ne mai yawa, mai maimaituwa, kuma da shi ake sayen harsashi. Ta wannan fuska maganar Sahnun ta fi ƙarfi. Amma wanda za a fuskanta da ita shi ne mai iko da makami. Manomin da aka ba zaɓi tsakanin biya da kisa ko yunwa, tilasta shi aka yi, kuma zunubin yana kan mai karɓa. Malamin da yake zaune a Katsina ko Kano ya yi hattara da haramta wa mutanen Mairuwa abin da shi kansa bai ɗanɗana ba.

Game da fansa, tsarin da Khalil ya kawo a babin jihadi shi ne: a fanshi kamamme daga baitulmali, idan babu sai daga dukiyar Musulmi, sannan daga dukiyarsa. Ko da yake maganar a kan wanda yake hannun abokan gaba ne, illar ɗaya ce, wato ceton rai. Abin da ake gani a yau ya juya wannan tsari: iyali ne suke fara sayar da gona da amfanin rumbu, sai gari ya yi karo-karo, baitulmali kuwa ba ya cikin lissafi. A Afrilun 2022 ma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa. Hana biya yana da fuska a siyasar shari'a idan hukuma ta ɗauki nauyin ceto. Idan ba ta ɗauka ba, to an haɗa wa iyalin kamamme azaba biyu.

Kare kai halal ne da ijma'i, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa matsayin shahidi. Iyakarsa ita ce tunkuɗe mai kawo hari a lokacin harinsa. Tsayar da haddi aikin shugaba ne, kuma tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi don ƙabilarsa kisan zalunci ne, yana kuma cikin abubuwan da suka rura wannan wuta. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umar Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta fi kusa da abin da fiƙihu yake nema fiye da 'yan sa-kai marasa jagora, domin tana ƙarƙashin wanda za a iya tuhuma.

Me sulhu yake kayarwa?

Gwamnatin Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, ya rushe, gwamnan da kansa ya ce an ci amanarsa. A 2025 kuma al'ummomi da dama na yankin, har da Faskari, sun sake zama da su. Masu kare sulhu suna kafa hujja da aya ta 34, wadda ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a sami iko a kansu. Hujja ce ingantacciya, amma tana da iyaka. A wurin Malikiyya tuba tana tabbata ne da ajiye makami ko miƙa kai ga shugaba, kuma abin da take kayarwa haddin hiraba ne kawai. Haƙƙin bayi yana nan: waliyyin wanda aka kashe yana da ƙisasi ko afuwa, kuma Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya bayyana cewa kowane ɗaya daga cikin 'yan fashin yana lamunce dukan abin da ƙungiyarsu ta ƙwace.

Waɗanda ba a bin su lamunin abin da suka lalata a lokacin yaƙi su ne bugatu masu tawili, wato waɗanda suka fita wa shugaba da wata shubuha ta addini. Koken makiyaya game da cinye burtali da makiyaya da kisan 'yan uwansu yana da gaskiya a cikinsa, kuma wajibi ne hukuma ta saurare shi, amma bai kai tawilin da zai halatta jinin manomin Kadisau ba. Saboda haka zaman da ake zuwa da bindiga a kafaɗa a koma da ita, tsagaita wuta ne da larura ta kawo. Yana halatta ga mutanen gari gwargwadon larurarsu, sai dai ba ya wanke kowa. Dagaci ko shugaban ƙaramar hukuma da ya sa hannu a madadin jama'a ba shi da ikon yafe jinin da ba shi ne waliyyinsa ba, ko shanun marayun da ba a nemi izinin wasiyyinsu ba. Abin da ya dace malaman yankin su nema a kowane irin wannan zama shi ne a rubuta sunayen waɗanda aka kashe da dukiyar da aka ƙwace, a ajiye a kotun shari'a, domin Malikiyya suna karɓar shaidar waɗanda aka yi wa fashi tare a kan haƙƙin junansu, kuma irin waɗannan shaidu suna tsufa, suna ƙaura, suna mutuwa.