Na'urar Gargaɗi a Jiragen Sama Marasa Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa bisa tudu da hantsi, ya ga yadda shirwa ke taruwa suna kewaya wuri guda ba tare da kaɗa fiffike ba, to, ya riga ya fahimci asalin wannan mas'ala. Domin jirgin sama marar inji da irin iskar nan mai ɗumi da ke ɗaga shirwa yake hawa, kuma da yake ita kowane matuƙi ke nema, sai ka tarar da jirage masu yawa suna juyi a mahaya ɗaya, kowanne fari, siriri, mai wuyar hange. Sababin karo ke nan, musamman a duwatsun Alps.

A shekarar 2004 wasu mutum uku a Suwizalan, Urs Rothacher da Andrea Schlapbach da Urban Mäder, suka fito da na'urar FLARM, wadda hikimarta ita ce, bayan ta san matsayinta ta hanyar GPS, sai ta ƙiyasta inda jirgin zai kai nan da 'yan daƙiƙoƙi, ta watsa wannan ta rediyo, ba ta kuwa yin kuka sai ta ga hanyoyi biyu za su haɗu. Na'urar gargaɗi ta manyan jirage, in an sa ta cikin irin wannan cunkoso, ba za ta yi shiru ba ko kaɗan. Rahusa da ƙarancin cin batir suka yaɗa FLARM, har ƙungiyar matuƙan jirage marasa inji ta Faransa ta wajabta ta a 2013.

Amma fa alfanunta rataye yake da eriya, abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa da yawa ba. Zaren kabon da ake gina jiragen zamani da shi yana tare saƙon rediyo, jikin matuƙi ma haka, saboda haka eriyar da aka kafa a gaba, bisa allon agogai, takan makance ga abin da ke ƙasa ko baya, har sai an ƙara ta biyu a ƙarƙashin jirgin. Alhali kuwa matuƙi, ganin na'ura ta yi shiru, yana iya faɗawa cikin gafala, ya manta cewa asalinta ba ta ganin wanda bai ɗauki irinta ba. A ganina wannan ce illa mafi girma.

Akwai kuma natijar da ba a nufa ba: a wajen gasa, wasu sun koma bin sawun gwanaye ta allon na'urar don su san inda iska take, har aka tanadi hanyar da matuƙi zai ɓoye wasu bayanansa.