Rigakafin murar tsuntsaye: Abubuwan da ya kamata ka sani

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Tun daga lokacin masu kiwo suke tambaya: me ya hana a yi wa kaji allura a huta?

Me ke cikin allurar?

Yawancin alluran ana yin su ne da ƙwayar cutar da aka raina a cikin ƙwai, sannan aka kashe ta. Jikin kaza yana gane kamanninta, ya tanadi garkuwa kafin mai rai ta zo. Garkuwar kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta kankama.

Aikin sinadarin zaburarwa

Matacciyar ƙwaya ba ta tayar wa jiki hankali sosai, shi ya sa ake haɗa ta da sinadarin da ke zaburar da garkuwa. A allurar kaji an fi amfani da man ma'adinai: ana kaɗa ruwan maganin a cikinsa har ya yi fari kamar nono. Man yana riƙe maganin a inda aka soka allurar, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, yana kuma jawo ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta zuwa wurin. Da haka garkuwar take yin ƙarfi ta kuma daɗe.

Sai dai man yana iya kumbura wurin da aka soka. Mai allurar kuma in ya kuskure ya soki yatsansa, ya garzaya asibiti nan take. Maganin yana son sanyin firji, amma in ya daskare ya lalace.

Me ya sa wasu ƙasashe ke ɗari-ɗari?

Sin da Masar sun daɗe suna yi wa kajinsu allurar, Faransa ma ta fara yi wa agwaginta a watan Oktoban 2023. Najeriya kuwa ta daɗe a kan tsarin killace gona da kashe kajin da cutar ta shiga cikinsu. Babban abin tsoro shi ne kazar da aka yi wa allura tana iya ɗaukar cutar, tana cin abincinta lafiya lau, alhali tana yaɗa ta. Ƙwayar kuma tana sauya kama, shi ya sa allurar da ba ta dace da nau'in da ke yawo ba asarar kuɗi ce. Saboda haka rigakafin ba ya tafiya sai da gwaji a kai a kai.

Me ya rage wa mai kiwo?

Ka guji allurar da aka shigo da ita ta bayan fage. Ka hana baƙi da tsuntsayen daji shiga akurki, ka wanke takalma da kiret ɗin ƙwai. In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada ka kai su kasuwa. Ka sanar da likitan dabbobi, domin a aika samfuri cibiyar bincike ta Vom a jihar Filato. Jinkirin kwana ɗaya yana iya cinye gonar maƙwabcinka tare da taka.