A Wuya Take Tsinkewa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

Kafin mu shiga shirin namu na musamman, bari in yi maka tambaya ɗaya, kai da kake jina. Da me kake jina? In akwatin rediyo ne, to madalla. In kuwa ƙaramar wayarka ce, Itel ko Tecno, to akwai wani ɗan rami a jikinta da ka soka kan iyafis. Kar ka zare, don za ka rasa ni. A yawancin wayoyin nan, igiyar iyafis ita ce eriyar da ke kamo tashar FM, shi ya sa wayar take ƙin buɗe rediyo sai an soka mata. Kenan muryata ta ratsa wannan ɗan rami kafin ta iso kunnenka. Masu gyara suna ce masa jak. A kansa za mu yi hirar yau.

[Sautin titi: hon ɗin adaidaita sahu, hayaniyar ɗalibai]

Nan bakin Ƙofar Dukawuya ne, a yammacin ganuwar Kano, kan hanyar Kabuga, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Tsaya nan da hantsi ka ƙirga masu wucewa da igiya a kunne. Ɗalibi yana bitar karatu, ɗan adaidaita yana jin labarai, mai shayi ya rataya 'yar MP ɗinsa a ƙusa. Abin da ya kawo ni wajen kuwa hedifon ɗina ne na aiki, irin mai rufe kunne baki ɗaya, wanda na shekara biyar ina ji da shi. Kunnen hagu ya mutu. Na riga na yanke ƙauna, na zo ne kawai don kada a ce ban gwada ba.

Yaron da na samu a teburin gyara bai ko buɗe shi ba. Ya soka a wayarsa, ya sa karatu, ya kama igiyar daidai inda ta haɗu da kan ƙarfen, ya lanƙwasa ta hagu, ya lanƙwasa ta dama. Sai ga murya ta dawo, ta ɗauke, ta sake dawowa. Ya ɗago ya ce, "Baba, sifikarka lafiyarta ƙalau. Wuya ne." Na yi dariya na ce ashe na zo unguwar da ta dace, Dukawuya. Bai yi dariya ba, ina jin ya sha jin wannan barkwancin. Ya ce, "In na yanke na sa maka sabon kai, wata uku ka dawo kana zagina. In kana so mu rabu lafiya, bari in sa masa mace."

Ga wanda bai san yaren masu gyara ba, kan ƙarfen da ake sokawa shi ne namiji, ramin da ke karɓarsa shi ne mace. Macen ma iri biyu ce. Akwai wadda ake liƙawa da dalma a jikin allon na'ura, irin ta cikin waya da ƙaramin rediyo. Wannan duk lokacin da igiya ta fizgu, dalmar ce ke shan wahala, har ta tsage. Akwai kuma mai noti, wadda ita yaron yake nufi. Tana da wuya mai zare kamar na ƙusa mai murɗi. Za ka huda jikin abin, ko roba ne ko katako ko ƙarfe, ka zuro wuyanta daga ciki, ka ɗaure da noti daga waje. In an fizgi igiya, jikin akwatin ne ya ɗauki nauyin. In igiyar ta tsinke kuwa, ka zare ta ka sayi wata mai kai biyu, irin wadda ake jona waya da rediyon mota, shi ke nan.

Na zauna a benci na kalli aikin. Ya cire soson kunnen hagu, ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga sifikar a hankali ya ajiye ta gefe, nesa da inda zai yi huda, don bayanta maganaɗisu ne, duk ɗan ɓurɓushin ƙarfe sai ya janyo shi. Ya faɗaɗa ramin da tsohuwar igiyar take fita har ya kai kamar milimita 6, faɗin wuyan ƙaramin jak. Wayoyi uku ne a ciki, sirara kamar gashi. Ja ta kunnen dama ce, koriya ta hagu, mai launin tagulla kuma ta kowa da kowa, wadda suke kira giraun. Nan ne masu koyo suke faɗuwa. Launin nan ba ado ba ne, fenti ne da ya rufe tagullar, kuma dalma ba ta kama shi. Sai ya tara ɗigon dalma a bakin ayan ɗin narka dalma, ya tsoma bakin kowace waya a ciki har fentin ya ƙone, ta fito fes kamar azurfa. Sannan ya liƙa. Kafin ya rufe, ya ɗauko mita. Daga tsinin kai zuwa gindi, lamba 32. Daga zobe zuwa gindi, 32. Daga tsini zuwa zobe, 64, wato kunnuwan biyu a jere. Ya ce, "Ka gani Baba? Duka biyun da ransu." Ya ɗaure noti, ya ɗiga masa gam kaɗan don kada ya kwance jak ɗin ya riƙa juyawa yana murɗe wayoyin ciki. Duka aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

[Gajeren kiɗa]

Wannan ɗan ƙarfe ya girmi kakanninmu. A watan Janairun 1878 aka buɗe ofishin haɗa kiran tarho na kasuwanci na farko a garin New Haven na Amurka. A irin waɗannan ofisoshi, ma'aikaci yakan zauna gaban allo mai ramuka, ya zare igiya daga nan ya soka a can don ya haɗa mai kira da wanda ake kira. Daga nan babban jak ya samo asali, mai kaurin milimita 6.35, wanda har gobe shi ne a kan makirfon ladan. Ƙaramin kuma, mai milimita 3.5, ya zo ne da ƙananan rediyon hannu a shekarun 1950, lokacin kunne ɗaya ake sawa. Abin da ya yaɗa shi duniya shi ne Walkman, ɗan kaset ɗin da kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1979. Na farkon ma ramuka biyu gare shi, don mutum biyu su ji tare.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne ba shi da ubangida. Iyafis ɗin da ka saya a Farm Centre zai shiga rediyon da tsohonka ya dawo da shi daga Makka shekara talatin da suka wuce. Ba ya neman caji, ba ya neman a haɗa shi da komai, ba ya tambayar sunan kamfani. A watan Satumban 2016 Apple ya fitar da iPhone 7 babu wannan rami, a 2019 Samsung ma ya cire shi daga Galaxy Note 10, manyan wayoyi suka bi sahu. Su suna da hujjarsu, wai wuri ya yi kaɗan a cikin waya. Amma iyafis na Bluetooth batir gare shi, batir kuwa yana da ajali, kuma a garin da wuta sai ta ga dama, ƙarin abin caji ƙarin ɗawainiya ne. Ƙananan wayoyin da talaka ke saya dai har yanzu da raminsu, kuma a ganina masu yin su sun fi sanin mu.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ɗauki kan iyafis ɗinka ka ƙirga baƙaƙen layukan da ke jikinsa. Layi ɗaya, murya ɗaya ce, irin na makirfo. Layi biyu, hagu da dama. Layi uku, an ƙara makirfon amsa kira. A wannan na ukun ne aka taɓa samun saɓani. Tsofaffin wayoyin Nokia da wasu na Sin sun bi tsarin da ake kira OMTP, Apple da mafi yawan wayoyin yanzu suna bin CTIA, kuma bambancin kawai an musanya gurbin makirfo da na giraun ne. In ka taɓa sa iyafis ka ji kiɗa na fita amma muryar mawaƙin ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, ka danna maɓallin amsa kira ka riƙe sai ta dawo daidai, to ba mai shago ne ya cuce ka ba. An aurar da namiji ne gidan da ba nasa ba.

[Sautin gyaran murya a lasifika, da ƙarar ƙir-ƙir]

Wannan ƙarar kowa ya san ta. Ladan ya kama kiran sallah, murya na yankewa, wani ya ruga yana murɗa kan makirfo a jikin amfilifaya. Sau da yawa ba injin ne ya lalace ba. Cikin macen akwai ɗan harshen ƙarfe da ke danne kan namiji. Yawan sokawa da zarewa yana sa shi ya saki, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta zauna. Amfilifayoyin masallatanmu, irin su Ahuja na Indiya, yawanci jak mai noti ne a fuskarsu, don haka canza shi aikin ɗan lokaci ne. Kwamitin masallaci, kafin ku yi yekuwar tara kuɗin sabon inji gab da azumi, ku fara kai tsohon a duba masa baki.

Sai ku samari masu haɗa MP da kanku a cikin akwatin katako ko galan, waɗanda ke sayo ƙananan allunan ƙara murya a Sabon Gari. Abu biyu zan roƙe ku. Ɗan allon nan mai lamba PAM8403, mai aiki da bolt 5, kowace sifika wayoyinta biyu nata ne ita kaɗai. In ka haɗe baƙar wayar sifikar hagu da ta dama a ƙafa ɗaya ta jak, kamar yadda ake yi wa hedifon, kana iya ƙona shi. Jak ɗinka a ɓangaren shigar murya za ka sa shi, ba a mafitarta ba. Na biyu, kada ka mai da jak ɗin murya hanyar shigar wutar batir. Lokacin da ake soka shi, tsini da gindi suna gugar ƙarafan ciki su haɗe na ɗan lokaci. Ga murya ba komai, ga batirin lithium kuwa tartsatsi ne. In kuma akwatinka na ƙarfe ne kana jin gurnani a sifika, nemi jak mai wuyan roba, wanda ba ya taɓa jikin akwatin.

Hedifon ɗin da na ba ku labari shi ne a kunnena yanzu haka. Tun ranar na canza masa igiya sau biyu, ban koma Dukawuya ba, yadda yaron ya ce. Kai ma in naka ya mutu kunne ɗaya, kafin ka wurga shi kwata, sa karatu ko waƙa ka lanƙwasa igiyar a wuya. In murya ta leƙo ta koma, kai shi wurin mai gyara ka ce a sa masa mace mai noti.

Mu kwana nan. Assalamu alaikum.