Babban Minshari Da Tafki Tara

Jama'a, kowane gari da sunansa, kowane suna kuwa da dalilinsa. Mu da muka tashi a ƙasar Yawuri mun saba da sunayen garuruwanmu, har ba mu jin abin da suke faɗi. Baƙo shi ke ji. In ya zo ƙasar Ngaski aka ce masa ga Gafara, sai ya zaci hanya ake nema ya kauce. In aka ce masa Koma, sai ya ce, "Yanzu na iso, a ce in koma?" Masunci kuwa in ya ji sunan nan, komarsa ta kamun kifi zai tuna.

Ba mu kaɗai ke da sunaye masu ban dariya ba. Turawan Ingila ma suna da nasu, har sun so su fi mu. A gabashin ƙasarsu akwai ƙauyuka biyu kusa da juna, Great Snoring da Little Snoring. In an juya su da Hausa, watau Babban Minshari da Ƙaramin Minshari ke nan. Akwai wani ƙauye kuma ana ce da shi Ugley. A kunnen Bature sunan nan daidai yake da a ce Mummuna. Can arewa, a ƙasar Sikotlan, akwai Dull, watau Marar Armashi. A shekarar 2012 mutanen Dull suka ƙulla zumunci da wani gari na Amurka mai suna Boring, watau Mai Gundura. Sun ga dai tun da duniya na yi musu dariya, gara su haɗu su yi tare.

To, amma mutanen Babban Minshari ba su fi kowa barci ba. Masana da suka bi tsofaffin takardu sun tarar asalin sunan na wani mutum ne da ake kira Snear, wurin kuwa mazaunin jama'arsa ne. Ugley kuma fili ne a cikin kurmi, na wani mai suna Ugga. Shekaru suka yi ta wucewa, harshe ya sake, aka manta da mutanen, sunan ya lanƙwashe har ya yi kama da wata magana dabam. Boring na Amurka ma sunan wani mutum ne da ya zauna a wurin.

Wani abin ya fi wannan. A Ingila akwai koguna da dama masu suna Avon. Mutanen da suka riga Ingilishi zama a ƙasar, da harshensu kalmar nan ma'anarta kogi ne kawai. Baƙi suka zo suka ji ana faɗinta, suka ɗauka suna ne. Yau Bature in ya ce Kogin Avon, Kogin Kogi ya ce, bai kuwa sani ba.

Don haka mu ma kada mu yi saurin yanke wa suna ma'ana da kunnen Hausa. Ƙasar nan tamu ta harsuna da yawa ce. Akwai Gungawa, da Kambari, da Shangawa, da Dukawa, da Lopawa, kowa da bakinsa. Harshen Shangawa ma danginsa su ne Busanci da Kyanganci, ba ya kusa da Hausa ko kaɗan. Ku dubi sunan Ngaski. Ku nemi kalmar Hausa da ta fara da n da g a haɗe, ba za ku samu ba. Shi ya sa Bahaushe yakan ce Ingaski, ya ƙara wasali a gaba don bakinsa ya sami wurin takawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana sunan ba daga Hausa ya fito ba. Mai son ma'anar irin waɗannan sunaye, gun tsofaffin masu harshen zai tafi.

Waɗanda suke na Hausa kuwa a fili suke, kamar an zana taswira da baki. A ƙasar Shanga akwai Tafki Tara, akwai Rafin Ƙirya. Ƙirya itace ce mai tauri, wadda maƙera ke son gawayinta, ake kuma sassaƙa turmi da ita. Ko ba ka taɓa zuwa ba, ka san akwai rafi, ka san irin itacen da aka tarar a bakinsa. Turawa ma haka suke yi. Oksfod, garin babbar jami'ar nan da ake ji, ma'anarsa mashigin shanu, inda ake ƙetare kogi da su. Ashe manyan malaman Ingila a Mashigin Shanu suke karatu.

Sai Tunga. Duk wanda ya bi bakin ruwa zai ji Tungan wane, Tungan kaza, ba iyaka. Tunga ƙaramin mazauni ne da masunta ko manoma suka kafa, galibi a kira shi da sunan wanda ya fara kafa bukka. Mutumin ya mutu, jikokinsa ma su tsufa, sunansa na nan a bakin direbobi da masu jirgin ruwa.

Yalwa kowa ya san ma'anarta, wadata da faɗin wuri. Amma ba ita ce hedkwatar farko ba. Tsohon mazaunin sarauta shi ne Birnin Yawuri. Yaƙin basasa ya ci shi, har sarauta ta koma zama a gungun Ikum. A shekarar 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, aka mai da Yalwa hedkwata. Abin mamaki, Birnin Yawuri yanzu a ƙaramar hukumar Ngaski yake. Baki kuma ya gajarta sunan, ana cewa Bin Yawuri. Gajarta suna ba laifi ba ne. A wani gungu na ƙasar Wels akwai ƙauyen da sunansa ke da haruffa 58. Da gangan aka tsawaita shi wajen shekarun 1860, don matafiya a jirgin ƙasa su tsaya kallo. Ba za mu rubuta shi a nan ba, kada allo ya cika. Masu garin ma gutsurensa suke faɗi.

Kamar yadda sunayensu ke karya mana harshe, haka namu ya karya nasu. A shekarar 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, masu suna Lander, suka zo Yawuri suna bin Kwara don su ga inda ta ƙare. A littafinsu suka rubuta Yaoorie, Busa kuwa suka rubuta Boossa. Abin da kunnensu ya ji ke nan. Daga baya aka zauna a kan Yauri da Yelwa a takardun gwamnati, kamar yadda Sakkwato ta zama Sokoto. In za ku cika takardar hukuma, ku rubuta yadda hukuma ke rubutawa, don kada a ce wani gari ne dabam. A baki kuwa ku faɗa yadda iyayenku suka faɗa.

Sunan da ya fi ɗaukar labari a wurinmu shi ne gungu, watau tsibiri. Daga nan Hausawa suka sami sunan Gungawa, mutanen tsibiri. Su kuwa Reshe suke kiran kansu. Har yau akwai mazaɓa a Yawuri mai suna Gungun Sarki. Kainji ma sunan gungu ne, a nan aka datse Kwara. An fara aikin a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya yi tabki mai tsawon fiye da mil 80. Wajen mutum 44,000 aka tasa aka sake musu mazauni. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Gungaye da yawa inda ake noman albasa suka shige ƙarƙashin ruwa. Gungawa da dama suka hau tudu, ga su nan a bakin tabki, ana ta kiransu mutanen tsibiri.

Kowane gungu daga cikin waɗanda suka nutse yana da suna. Haka kowane dutse a tsakiyar kogi, da kowane mashigi, da kowane gurbi mai kifi. Taswira ba ta ɗauki ƙananan ba. Wanda ya yi wayo yana tuƙa jirgi a tsakaninsu kafin 1968, yau ya ba shekara 70 baya. In kuna da irinsa a gida, ku zauna da shi bayan sallar isha'i. Ku tambaye shi sunan gungunsu, da na kusa da shi ta gabas da ta yamma, da abin da sunan ke nufi da harshensu. Ku rubuta a littafinku yadda ya faɗa, ko da harafin ya ba ku wuya, ku zo da shi aji ranar karatu mai zuwa mu karanta tare.